Tallafin Bincike: Wa Ke Mallakar Fasahar Bayan An Karɓi Kuɗin?

Wayoyin Android da yawa da ke hannun matasa suna aiki ne da furosesar Snapdragon ta kamfanin Qualcomm. An kafa kamfanin a birnin San Diego na Amurka a 1985, kuma a shekarunsa na farko, tun yana ƙarami, ya samu kuɗin bincike daga wani shirin gwamnatin Amurka mai suna SBIR. Gwamnati ta ba da kuɗi, amma ba ta karɓe fasahar ba. Yau babban kaso na ribar Qualcomm yana fitowa ne daga kuɗin lasisin da masu ƙera waya ke biyansa saboda amfani da ƙirƙirarsa. Ba tallafin kaɗai ya kai shi nan ba, amma da sharuɗɗan irin wannan tallafi sun ce duk abin da aka gano na mai ba da kuɗi ne, da ƙananan kamfanoni da yawa ba su tashi ba.

Wannan batu ya shafi duk matashin da ke rubuta manhaja ko haɗa wata na'ura yana jiran link ɗin tallafi ya faɗo a group ɗin WhatsApp. Masu neman tallafi sukan kasu biyu. Akwai wanda tsoron a sace masa tunani ke hana shi faɗin komai a cikin fom, sai masu tantancewa su ga babu abin kamawa su ajiye takardarsa gefe. Akwai kuma wanda ke zazzage komai, har da zanen na'ura da kod, ya danna maɓallin amincewa da sharuɗɗa ba tare da ya buɗe su ba. Na farko yana rasa kuɗi. Na biyu yana iya samun kuɗin ya rasa abin da ya fi kuɗin daraja.

Me ya sa SBIR?

An kafa SBIR da doka a 1982, zamanin shugaba Ronald Reagan. Hukumomin gwamnati 11 ne ke cikinsa, ciki har da ma'aikatar tsaro da NASA da ma'aikatar lafiya, kuma kowace na ware kashi 3.2 cikin ɗari na kuɗin binciken da take bayarwa a waje domin ƙananan kamfanoni. Matakin farko na gwada ko tunanin zai yiwu ne, na biyu na haɗa samfuri, na uku na shiga kasuwa. Yana da ƙane mai suna STTR, wanda aka kafa a 1992, inda dole kamfani ya haɗa gwiwa da jami'a ko cibiyar bincike.

Kada kowa ya ruɗu: wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ba zai iya neman SBIR ba. Na kamfanonin Amurka ne masu ma'aikatan da ba su wuce 500 ba, kuma a ƙa'ida sai Amurkawa ko masu izinin zama na dindindin sun mallaki fiye da rabin kamfanin. Duk wanda ya turo link yana cewa a biya kuɗin rajista a samu, ɗan damfara ne. Amfanin sanin shirin shi ne dokokinsa a rubuce suke, an kuma gwada irinsu a kotu, don haka sun zama ma'aunin da za a iya ɗora sharuɗɗan kowane tallafi a kai a ga ko an yi adalci.

Tunani ba shi da mai shi

Doka ba ta kare tunani zalla. Idan mutum ya ce zai yi manhajar da za ta haɗa manoma da 'yan kasuwa, wani ya ji ya riga shi yi, babu kotun da za ta saurare shi. Abin da doka ke karewa shi ne siffar da tunanin ya ɗauka. Kod ɗin da aka rubuta yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma a Najeriya, bisa dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kariyar na farawa da zarar an rubuta shi, ko ba a yi rajista ba. Sabuwar hanyar da na'ura ke aiki ana kare ta da shaidar ƙirƙira, wato fatent, wadda ke ɗaukar shekara 20 kuma sai an nema. Suna da tambari ana kare su da rajistar alamar kasuwanci. Na huɗu shi ne sirrin sana'a, wanda ba shi da takarda ko ɗaya: yana raye ne muddin ba a faɗe shi ba.

Fatent da sirrin sana'a su ne fom ɗin tallafi ya fi yi wa illa.

Fom ma bayyanawa ce

A ce wani matashi ya haɗa ƙaramar na'ura da ake cusawa cikin buhun masara ta auna danshi, ta tura sakamakon zuwa waya ta Bluetooth. Na'urorin auna danshi sun daɗe a kasuwa. Sabon abin da ya gano shi ne wata dabarar lissafi da tsarin haɗa kayan da ke sa na'ura mai arha ta ba da sakamako kusan daidai da na mai tsada. Wannan dabarar ita ce jarinsa.

Sharaɗin farko na samun fatent shi ne abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya. Bayyanawar da mai ƙirƙirar ya yi da bakinsa ma tana shiga lissafi. Bidiyon TikTok da aka buɗe cikin na'urar ana bayani, kod ɗin da aka ɗora a GitHub a buɗe, jawabin da aka yi a taron baje kolin fasaha aka watsa a Facebook, duk suna iya kashe sabuntar. Amurka na ba mai ƙirƙira shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa da kansa ya shigar da takarda. Turai ba ta da wannan sassaucin. Dokar fatent ta Najeriya, wadda aka yi tun 1970, ita ma ba ta da shi, in ban da ɗan rangwamen wata 6 ga abin da aka nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Abin da ya fi tayar da hankali a dokar shi ne ta ba da haƙƙi ga wanda ya fara shigar da takarda, ko da ba shi ne ainihin mai ƙirƙirar ba. Ainihin mai ƙirƙirar na iya zuwa kotu ya nemi haƙƙinsa idan satar masa aka yi, amma wannan doguwar tafiya ce mai cin kuɗi.

A SBIR ana ɗaukar cikakkiyar takardar neman tallafi a matsayin sirri, masu tantancewa kuma suna ƙarƙashin sharaɗin riƙe amana. Sai dai akwai ƙofar da mutane ke mantawa da ita. Taƙaitaccen bayanin aikin da ke shafin farko, idan an ci tallafin, ana wallafa shi a intanet kowa ya karanta, har da abokan hamayya. Shi ya sa hukumomin da kansu ke gargaɗin kada a saka sirri a wannan wuri. Sauran shafukan kuma sai mai nema ya yi wa inda sirri yake alama da kalmomin da hukumar ta tanada, domin Amurka na da dokar da ke ba kowa damar neman takardun gwamnati. Dokar ta keɓe sirrin kasuwanci, amma shafin da ba shi da alama yana da wuyar karewa. Wanda ya buga alamar sirri a kowane shafi, har da na tarihin karatunsa, shi ma ya rage wa alamar ƙarfi.

To me mai na'urar danshi zai rubuta? Ya faɗi matsalar, ya faɗi abin da na'urar ke yi, ya kawo sakamakon gwaji: buhu nawa aka auna, da wace na'ura aka kwatanta, bambancin nawa ne, kuɗin haɗa guda ɗaya nawa ne. Wannan ya ishi mai tantancewa ya gane akwai aiki a ƙasa. Ainihin lissafin da jerin kayan da ya sa abin ya yi aiki kuwa sai a taɓa su a dunƙule. Mai tantancewa yana son ya gamsu cewa tuwon ya dahu ne, ba lallai sai an karanta masa yadda aka tuƙa ba. Idan tallafin na bincike ne mai zurfi da dole sai an buɗe dabarar, sai a shigar da takardar fatent kafin a tura fom. A Amurka ƙananan kamfanoni kan shigar da takardar wucin gadi mai arha, wadda ke riƙe musu kwanan wata na tsawon wata 12.

Neman masu ba da tallafi su sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin su karanta fom ɓata lokaci ne. Suna karanta ɗaruruwan takardu masu kama da juna, ba za su ɗaure kansu ba.

Cinikin Bayh-Dole

Kafin 1980, abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin Amurka yawanci na gwamnati ne. Ta tara fatent kimanin 28,000, waɗanda ƙasa da kashi 5 cikin ɗari aka ba kamfanoni lasisinsu. Sauran suna kwance a kabad. Sanatoci biyu, Birch Bayh da Bob Dole, suka kawo dokar da ta juya lamarin: jami'a ko ƙaramin kamfanin da ya yi bincike da kuɗin gwamnati yana iya riƙe mallakar abin da ya gano.

Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gwamnati na samun lasisin amfani da ƙirƙirar don ayyukanta, kyauta, har abada, ba a iya janyewa. Idan za a ba wani kamfani lasisin sayarwa a Amurka shi kaɗai, ana so a ƙera kayan a cikin ƙasar. Gwamnati kuma na da ikon tilasta a ba wasu lasisi idan mai ƙirƙirar ya kwanta a kan abin bai amfanar da jama'a ba. Ba a taɓa amfani da wannan iko ba, duk da an sha nema, kamar kan maganin kansar prostate na Xtandi, wanda hukumar binciken lafiya ta ƙi amincewa da buƙatar a 2023.

Akwai agogo kuma. Kamfani na da wata 2 ya sanar da hukuma bayan mai ƙirƙirar ya kai rahoton sabon abu a rubuce cikin kamfanin, shekara 2 ya bayyana cewa yana son riƙe mallaka, sannan shekara 1 ya shigar da takardar fatent. Wani ƙaramin kamfani mai suna Campbell Plastics ya ga illar wasa da wannan. Ya yi kwangila da sojojin Amurka kan kayan takunkumin kariya daga iskar guba, ya gano sabuwar hanyar haɗa su, har ya samu fatent. Ya riƙa tura rahoton aiki da zane-zane, amma bai sanar da ƙirƙirar ta hanyar da yarjejeniya ta ce ba. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa mallakar ta koma hannun gwamnati. Ba wanda ya ce ba shi ya ƙirƙira ba. Takarda ce kawai bai cike yadda ya kamata ba.

Wurin da ya fi kama mutane a dokar shi ne yadda ta fassara ƙirƙirar da tallafi ya shafa. Ba wadda aka yi tunaninta lokacin tallafi kaɗai ba ce. Har da wadda aka fara haɗawa ta yi aiki a zahiri da kuɗin tallafin, ko da tunanin ya girmi tallafin da shekaru. Idan mai na'urar danshi yana da dabararsa a littafi kawai, sai da kuɗi suka shigo ya sayi kaya ya haɗa ta yi aiki, to ta shiga cikin abin da mai ba da kuɗi ke da haƙƙi a kai. Idan kuwa ya riga ya haɗa samfurin da ke aiki da kuɗin aljihunsa, tallafin ya zo don inganta batiri da gwaji a kasuwanni, to asalin dabarar nasa ne shi kaɗai, ƙarin da aka yi ne kawai ke ƙarƙashin sharuɗɗan.

Wannan layi tsakanin abin da mutum ya shigo da shi da abin da kuɗin suka haifar shi ne zuciyar kowace yarjejeniyar tallafi, a Amurka ko a wani wuri. Kuma ba a tabbatar da shi da rantsuwa, sai da hujja. Mai rubuta manhaja yana da sa'a a nan, domin Git na ajiye tarihin kowane canji da kwanan watansa. Ma'ajiyar GitHub da aka kulle, bidiyon gwajin samfuri da aka ajiye a Google Drive ba a watsa ba, rasit ɗin kayan da aka saya, duk hujjoji ne. Kafin a sa hannu, sai a rubuta jerin abubuwan da aka riga aka mallaka a shafi ɗaya, a nemi a haɗa shi da yarjejeniyar. Mai ba da tallafi na gari ba zai ƙi ba.

SBIR na da ƙarin kariya ga bayanan fasaha da kod ɗin da aka miƙa wa gwamnati: tun 2019, shekara 20 ba za ta bayyana su ga wasu kamfanoni ba. A nan ma sai an buga musu alama kafin a miƙa.

Matsalar cikin gida

Sau da yawa ba mai ba da tallafi ne ke kawo rigima ba, abokan aiki ne. Jami'ar Stanford ta koyi wannan a Kotun Ƙolin Amurka a 2011, a shari'arta da kamfanin Roche kan hanyar auna yawan ƙwayar cutar HIV a jini. Wani mai bincikenta ya sa hannu a takardar jami'a da ke cewa ya yi alkawarin zai miƙa mata ƙirƙirarsa. Daga baya ya je koyon aiki a wani kamfani mai suna Cetus, ya sa hannu a wata takardar da ke cewa ya miƙa yanzu. Roche ya sayi wannan sashe na Cetus. Kotunan suka ɗauki "na miƙa" a kan "zan miƙa", Kotun Ƙoli kuma ta ce kuɗin gwamnati ba su mayar da ƙirƙira ta jami'a kai tsaye ba: asalin haƙƙi na mai ƙirƙirar ne har sai ya miƙa shi.

Idan jami'a mai tarin lauyoyi ta zame a kan kalma ɗaya, ina ga abokai uku da suka fara aiki a ɗakin ɗayansu ba tare da rubuta komai ba? Kusan kowane fom na tambaya ko kamfani ne ke mallakar fasahar da ake neman kuɗi a kanta. Wanda ya amsa da eh alhali rabin kod ɗin wani aboki ne ya rubuta kafin ya tafi bautar ƙasa, ya faɗi abin da ba haka ba, ko da bai sani ba. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar kod na farawa ne a hannun wanda ya rubuta shi, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa shi sai a rubuce. Biyan mutum kuɗin aiki ta tiransifa bai wadatar ba. Dokar fatent kuma ta bi ta wani ɓangaren: abin da ma'aikaci ya ƙirƙira cikin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Saboda haka mai aikin albashi a kamfanin fasaha da ke gina nasa abin da dare ya duba takardar ɗaukarsa aiki, ya kuma nisanci kwamfutar ofis.

Ɗalibi ma ya tambayi tsarin makarantarsa kafin ya mayar da aikin kammala karatunsa kasuwanci, musamman idan ya yi amfani da ɗakin gwajin makaranta ko malami ya sa hannu sosai a ciki. STTR ya tilasta kamfani da jami'a su rubuta yadda za su raba haƙƙi, kuma wannan tsari ne da ya kamata a kwaikwaya ko ba wanda ya tilasta.

Akwai kuma kod ɗin da aka ɗauko daga intanet. Mai lasisin MIT ba shi da wani nauyi in ban da ambaton asalinsa. Mai lasisin GPL kuwa, idan aka gina manhaja a kansa aka rarraba ta, dole a buɗe kod ɗinta a ƙarƙashin lasisi iri ɗaya. Wanda ya yi wa mai ba da tallafi alkawarin rufaffiyar manhaja alhali GPL na cikinta ya yi alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba.

Karanta sharuɗɗan tallafin da ke kusa

Tallafi da gasar fasaha da matasan Najeriya da Nijar ke nema ba su da doka ɗaya kamar Bayh-Dole a kansu. Kowane da sharuɗɗansa, kuma su ne doka tsakanin ɓangarorin biyu. Abin dubawa na farko shi ne ko takardar na maganar miƙa mallaka ne ko ba da lasisi. Bambancin kamar na sayar da gida ne da ba da haya. Idan lasisi ne, a duba ko mai ba da tallafin shi kaɗai zai yi amfani da fasahar, domin irin wannan lasisi na iya hana mai ƙirƙirar kansa sayar wa wasu. A duba kuma ko sharaɗin na kan wanda ya ci ne kawai, ko duk wanda ya tura fom. Akwai gasannin da ke ɗaukar haƙƙin amfani da duk abin da aka turo, har daga waɗanda ba su samu ko sisi ba. Irin wannan gasa gara a bar ta ta wuce.

Ba kowane sharaɗi mai nauyi ne zalunci ba. Asusun UNICEF na tallafa wa ƙananan kamfanonin fasaha a ƙasashe masu tasowa yana ba da kuɗi ba tare da karɓar hannun jari ba, amma sharaɗinsa a fili yake: fasahar ta zama buɗaɗɗiya kowa ya iya amfani da ita. Ga wanda zai samu kuɗinsa ta hanyar girka manhaja da kula da ita da horar da masu amfani, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai na'urar danshi da jarinsa dabara ɗaya ce tak, sai ya yi tunani sosai.

Fatent kuma ba ta tsallaka iyaka. Wadda aka samu a ofishin rajista na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja a Najeriya kaɗai take aiki, kuma ofishin na duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, don haka ana iya ƙalubalantarta a kotu daga baya. Hukumar NOTAP na taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takarda. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke rufe ƙasashe 17. Ghana da Sudan suna cikin ARIPO da ke Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya, don haka mai son sayar da na'urarsa a Kano da Damagaram takarda biyu zai shigar. Yarjejeniyar Paris ta ba shi wata 12 daga ranar takardar farko ya shigar da sauran ba tare da ya rasa kwanan watansa ba.

Ga mafi yawan masu manhajar waya, fatent ba ita ce ta kamata ta fara cin kuɗinsu ba. Samunta a kan manhaja zalla yana da wuya, kare ta a kotu ya fi samunta tsada. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne ma'ajiyar kod a kulle, takardar miƙa haƙƙi daga duk wanda ya taɓa kod ɗin, da rajistar alamar kasuwanci ta sunan manhajar. Rajistar sunan kasuwanci a CAC daban take da wannan, kuma ba ta maye gurbinta.